Baƙin da ke biyan kuɗi don a sa su aiki a bakin teku

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Kwatano zuwa Lome, da wuya a ce bai taɓa cin karo da su ba. A shingen iyaka na Hilakonji, ko a gefen titi cikin garin Gran-Popo, sai ka ga ƙaramar bas ta tsaya, samari da ƴan mata goma ko goma sha biyar sun sauko, galibinsu Turawa, rana ta mai da fatarsu ja, wandunansu sun sha laka har gwiwa, kowa riƙe da gorar ruwa. Ba ma'aikatan wani kamfani ba ne, ba su kuma zo sarin kaya ba. In ka tambayi direbansu zai ce maka ƴan aikin sa kai ne, sun zo dashen itace da gadin ƙwan kunkuru, kuma da kuɗin aljihunsu suka zo.

To a nan ne kan ɗan kasuwa ke ɗaurewa. Mu dai abin da muka sani shi ne wanda ya yi aiki a biya shi. Wane irin ciniki ne mutum zai sayi tikitin jirgi tun daga Faransa ko Jamus, ya biya masauki da abinci, don kawai a miƙa masa buhu a ce ya tsinci shara? Wannan tambaya ta sha zuwa mana a gidan rediyo daga bakin masu saurare da suka dawo daga kurmi, wasu da dariya, wasu kuma da zargin cewa akwai lauje cikin naɗi. Shi ya sa muka ga ya dace mu warware wa masu karatu yadda abin yake, musamman da yake in an bi shi a hankali, ƙarshensa yana dawowa kan gishiri da busasshen kifi da leda da gwanjo, wato kayan da ke shimfiɗe a rumfunanmu.

Gayya ce ta sa wando

Abin ba sabo ba ne. A shekarar 1920, bayan yaƙin duniya na farko, wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Pierre Cérésole ya tara matasa daga ƙasashen da suka gama yaƙar juna, suka je wani ƙauye kusa da Verdun a Faransa suka taya mutanensa sake gina gidaje. Daga nan al'adar sansanin aikin gayya ta yaɗu. Ta iso Afirka ta Yamma tun kafin yawancin ƙasashenmu su samu ƴancin kai: an kafa ƙungiyar VOLU a Gana a 1956, sannan ASTOVOT a Togo a 1957. Wanda ya ga zamanin samariya a Nijar, lokacin da matasan unguwa ke fitowa da ganga su gina aji ko su share kasuwa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Abin da ya sauya daga baya shi ne ƴan kasuwar yawon buɗe ido sun shigo ciki. Sun lura matashin Turai ya gaji da kwanciya a otel, yana son ya koma gida da labarin cewa ya yi wani abin kirki, amma kuma ba ya son hutunsa ya tafi a aiki kaɗai. Sai suka haɗa masa biyun a ƙunshi ɗaya: da safe aikin kare muhalli, da yamma tuƙa kwalekwale ko hawan igiyar ruwa, a yi mako biyu ko uku cikin ayari. Yau ana samun irin wannan daga Kostarika har zuwa Tailan. Akwai na ƙungiyoyi masu araha, inda ake kwana a aji a kan tabarma ana girki bi da bi. Akwai kuma na kamfanoni, inda kuɗin mako biyu kan wuce Yuro dubu ɗaya ban da jirgi. Yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne, sai mai karatu ya buga lissafi da kansa.

Yini ɗaya a Gran-Popo

Gran-Popo na da nisan kilomita kusan 80 yamma da Kwatano, kuma kimanin kilomita 20 ne tsakaninsa da iyakar Togo. Garin wani siririn tudun yashi ne: kudu teku, arewa kogin Mono da fadamunsa. Kogin ya taso daga Togo, ya bi bayan garin ya yi gabas har ya faɗa teku a wurin da ake kira Bouche du Roy, sunan da ya samo asali daga harshen Fotugal, ma'anarsa bakin kogi. A 2017 hukumar UNESCO ta sanya wannan yanki na Mono, ɓangaren Benin da na Togo, cikin jerin wuraren da ake kare halittunsu.

Ayarin baƙi kan tashi da sanyin safiya su shiga kwalekwale tare da ɗan jagora na ƙauyen. Abin da za su dasa shi ne itacen da ake kira mangurob, wanda ba mu da irinsa a Arewa. Itace ne da ke tsirowa cikin laka inda ruwan daɗi ya haɗu da na gishiri, saiwoyinsa a waje suna tsaye kamar ƙafafun gizo-gizo. Ɗansa yakan fara tsira tun yana jikin uwa, dogo ne kamar ɗan zogale, in ya faɗo ya soki laka sai ya kama. Aikin dashen ke nan: a tsinto ƴaƴan ko a ɗauko daga wurin reno, a jera a layi, a soka kowane cikin laka. Ba ya buƙatar ilimi, amma yana buƙatar jimiri, don mutum na nutsewa har cinya, ga sauro, ga ɓawon kawa mai yanka ƙafa kamar reza. Ƙungiyar Eco-Benin, wadda aka kafa a 1999, tana cikin waɗanda suka daɗe suna kai baƙi wannan aiki tare da mutanen ƙauyukan.

Da dare kuma sai sintirin kunkuru. A nan ne muka fi jin baƙin na zumuɗi, kuma gaskiya abin kallo ne. Kunkurun teku ɗan'uwan kififiyar da masuntanmu suka sani ne, sai dai ya fi ta girma nesa ba kusa ba. Iri huɗu ake gani a ruwan Benin, biyu daga ciki ne suka fi fitowa yin ƙwai. Akwai ƙarami mai launin toka-toka da kore, akwai kuma babban, mai baya kamar fata maimakon ƙoƙo, wanda tsawonsa kan kai kusan mita biyu, nauyinsa ya wuce na buhunan masara uku ko huɗu. Macen ce kaɗai ke hawowa tudu. Takan fito cikin duhu, ta ja jiki zuwa inda ruwa ba ya kaiwa, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta rufe, ta koma. Ba ta sake waiwayarsu. Zafin yashi ne ke ƙyanƙyashe su cikin kwana 45 zuwa 60, kuma wani abin mamaki, zafin ne ke yanke ko maza za a samu ko mata: in yashi ya yi zafi sosai, mata sun fi yawa.

Tsakanin ranar zuba ƙwai da ranar ƙyanƙyasa, abokan gaba ba su ƙirguwa. Karnuka da aladu na tonewa, ƙaguwa na ci, ruwa na kwashewa, mutane kuma na ɗiba su kai kasuwa, wani lokaci har da uwar. Masana sukan ƙiyasta cewa cikin ƴaƴa dubu, da ƙyar ɗaya ke kai girma. Saboda haka masu gadin, waɗanda ƙungiyar Nature Tropicale ta horar daga cikin masunta da matasan yankin, suke bin gaɓa da dare suna neman sawu. In sun samu rami a wuri mai haɗari sai su kwashe ƙwan a hankali, ba tare da juya su ba, su binne a wani killataccen fili har su ƙyanƙyashe, sannan a saki ƴaƴan su gangara ruwa da ƙafarsu. Baƙo aikinsa rakiya, riƙe bokiti da rubuta adadi. Ba a haska farar tocila, ba a ɗaukar hoto da walƙiya, ba a hayaniya, don uwar na iya fasa ƙwan ta juya. Su ma ƴaƴan haske suke bi, in fitilar otel ta fi sararin teku haske sai su nufi gari su mutu a hanya.

Ana irin wannan sintiri a Gana ma, a Ada inda kogin Bolta ya shiga teku, ƙarƙashin ma'aikatan kula da namun daji. A can aikin ya zo da ɗan sauƙi, da yake al'adar mutanen Ada ta hana cin kunkuru tun kaka da kakanni.

Sauran lokacin na wasa ne. Ana tuƙa ƙananan kwalekwale na mutum ɗaya ko biyu cikin lungunan fadama, ana kallon tsuntsaye, ana taya masunta jan koma daga tudu, aikin da kan ɗauki sa'o'i ana waƙa. Waɗanda suka zarce yammacin Gana, garuruwa irin su Busuwa, sukan koyi hawan igiyar ruwa a kan allo. A nan za mu ɗan ratse mu ja kunnen ƴan'uwa. Tekun wannan gaɓa ba kogin Kwara ba ne, ba kuma tafkin Madarumfa ba. Akwai wuraren da ruwan ke komawa ciki da ƙarfi kamar an buɗe magudana, ya ja mutum ko da ya iya iyo, kuma Gran-Popo ya yi suna a kan haka. Su kansu baƙin akan hana su wanka a can. Yaron mota da ya sauke albasa ya ce bari ya je ya ga teku, ya tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba. Wanda kuwa ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman tudu kai tsaye, ya yi iyo ta gefe, a tsawon gaɓa, har ya fita daga magudanar.

Gishiri da kifi

Me ya cinye itatuwan har ake neman masu dashe daga Turai? Amsar na cikin kasuwa. A ƙauyen Jegbaji kusa da Wida, da wasu tsibiran Mono, mata ne ke yin gishiri. Sukan kankare ƙasa mai gishiri, su tace ta da ruwa cikin manyan kwanduna, sannan su dafa ruwan a kan wuta har ya ƙafe. Wannan dahuwa na cin itace ba kaɗan ba, kuma itacen da ke kusa shi ne mangurob, ga shi da riƙe wuta. Haka masu ƙyafe kifi. Haka masuntan da ke kafa rassa cikin tafki don kifi ya taru. Alhali kuwa cikin saiwoyin itacen ne kifi da jatan lande da ƙaguwa ke hayayyafa su girma kafin su fita. Wato itacen da aka ƙyafe kifin bana da shi, shi ne ɗakin haihuwar kifin baɗi. Mai sarin busasshen kifi da ke kukan kwando ya ƙanƙance kuɗi ya hau, ga ɗaya daga cikin dalilan, ko da yake manyan jiragen kamun kifi na waje sun fi kowa laifi.

A 2016 gwamnatin Benin ta haramta saran mangurob. Amma doka a Kwatano daban, tukunyar gishiri a tsibiri daban, matar da ke da ƴaƴa biyar ba za ta kashe wuta don an karanta sanarwa a rediyo ba. Abin da ya fi tasiri a wasu ƙauyukan shi ne da dattawa suka sa hannu. Mutanen yankin na da dodon gargajiya da suke kira Zangbeto, mai gadin dare, kuma tare da Eco-Benin an riƙa keɓe wasu sassan daji a ɗora musu alamarsa, ta yadda ɗan gari ba ya kusantarsu da gatari. Al'adarsu ce, ba tamu ba, amma abin lura a ciki shi ne hanin ya samu mai shi a cikin gari, wanda ke nan dare da rana bayan jami'in gandun daji ya koma ofis, baƙo kuma ya hau jirgi.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da masu tallar tafiye-tafiyen ba su cika son a yi ba: itacen da aka dasa, yana rayuwa? Sau da yawa a'a. Bayan igiyar tsunami ta 2004 an zuba kuɗi masu yawa wajen dashen mangurob a Siri Lanka. Da masu bincike suka koma suka duba wurare 23, sakamakon da suka fitar a 2017 ya nuna a wurare 9 ko tsiro ɗaya bai rayu ba, wurare 3 kacal ne fiye da rabi ya kama. Dalilan ba boyayyu ba ne: an dasa a inda ruwa ya yi zurfi ko ya yi kaɗan, an dasa irin da bai dace da wurin ba, kuma ba wanda ya koma ya duba bayan an ɗauki hoto.

Mutumin Maraɗi ba zai yi mamakin wannan ba. Shekara nawa muka yi muna ganin ana dashen itatuwa ran 3 ga Agusta, manya su zuba ruwa da buta a gaban kyamara, kafin kaka awaki sun gama da su? Abin da ya mai da gonakin Maraɗi da Damagaram kore shi ne sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa a shekarun 1980, lokacin da manomi ya soma barin tohon kututture a gonarsa yana gyara shi, saboda ya tabbata itacen nasa ne. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 ta wannan hanya. A ganinmu ma'aunin da ya kamata a auna kowane ayarin baƙi da shi ke nan. Ba yawan tsiron da suka soka cikin mako biyu ba, a'a, wa ke da dajin bayan sun tafi, kuma me zai ci in ya bar shi tsaye.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gayya, ko ta mutum dubu ce. Teku na cin ƙasa a wannan gaɓa, kuma sababin manya ne. Yashin da ke ciyar da gaɓar Togo da Benin daga yamma yake tafiya zuwa gabas, mafi yawansa kogin Bolta ke kawowa. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965 sai yashi ya riƙa kwanciya a bayanta. Tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ita ma ta 1965, da ta Lome ta 1968, suka tare wanda ya rage, gabashinsu ya shiga zaizayewa. A kan Mono kuma aka yi madatsar Nangbeto a 1987. Tsofaffin direbobi sun san tsohuwar hanyar Lome zuwa Aneho tana cikin ruwa, wadda ake bi an ja da ita baya ne. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓar teku ta jawo wa Benin da Togo da Kodibuwa da Senegal asarar dalar Amurka biliyan 3.8 a shekarar 2017 kaɗai. Maganin da aka yi tsakanin 2022 da 2023, daga Agbodirafo a Togo zuwa Gran-Popo, na manyan injuna ne: kamfanin Boskalis na Holan ya jera shingayen duwatsu, ya kuma tsotso yashi daga cikin teku ya zuba a gaɓa. Wannan hanya kuwa ba sai an gaya wa ɗan kasuwar Nijar darajarta ba, musamman bayan rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, lokacin da kaya masu yawa suka koma sauka a Lome.

Rabonmu a cikin sharar

Kashi na uku na aikin baƙin shi ne tsintar shara, kuma a nan ne ya kamata mu sunkuyar da kai kaɗan. In aka zazzage buhunan da suka cika, abin da ke ciki sananne ne: baƙar leda, ledar ruwan sanyi, robar lemo, silifa, tsummokara. Ledar da aka ƙulla wa mai sayen tumatir na dala biyar ba ta ruɓewa. Iska ta kai ta kwata, ruwan sama ya kai ta kogi, kogi ya miƙa wa teku. Babban kunkurun nan mai bayan fata abincinsa wata halitta ce mai laushi da ke yawo cikin ruwa kamar farar leda, saboda haka in ya ga leda sai ya haɗiye, ta toshe masa hanji. Mahautanmu da ke fasa tumbin akuya su ciro dunƙulen leda sun san irin wannan mutuwa.

Dokoki kam akwai su. Nijar ta yi dokar hana shigo da ledar da ba ta ruɓewa da sayar da ita a 2014, Benin ta yi tata a Disamban 2017. Duk wanda ya shiga kasuwar Ƙonni ko ta Malanbil ya san inda dokar ta tsaya. Ba mu ce mai tebur ne kaɗai mai laifi ba, don shi ma abin da mai saye ke nema yake bayarwa, kuma ba a kawo masa madadi mai araha ba. Amma iyayenmu da kwando da ƙwarya da ganye suka yi ciniki, ba su kuma yi asara ba.

Gwanjo ma na da nasa kason. Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a kasuwar Kantamanto ta Akkara ta ƙiyasta cewa tufafi wajen miliyan 15 ke shiga kasuwar duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na fita a matsayin shara, saboda dilar ta zo da yagaggu da masu tabo. Mai yawa daga ciki na ƙarewa a bakin teku, su nannaɗe su zama igiyoyi masu tsawo da ke binne cikin yashi. Abin dariya, abin takaici: mai yiwuwa rigar da matashiyar Landan ke tonowa a gaɓar Akkara daga garinsu ta fito. Duk wanda ya taɓa sayen dila ya buɗe ya tarar rabinta tsumma ne, shi ma an cuce shi kafin a cuci teku.

Kuɗin fa, ina suke shiga?

Ba duka ke isowa ba. In kamfanin Turai ne ya shirya tafiyar, kaso mai tsoka na tsayawa can wajen talla da albashi da inshora. Abin da ke sauka a ƙauye shi ne kuɗin ɗaki, na abinci, na mai kwalekwale da na ɗan jagora. Saboda haka shirin da masauki na mutanen gari ne, matan gari ke girki, masu gadin kunkuru kuma na samun wani abu duk wata, ya fi wanda ake kwana a babban otel a zo da rana a yi awa biyu. Masuncin da kunkuru ya yaga wa koma, in ba a taya shi gyara ba, ranar da ya sake kama wani ba zai sake shi ba, ko an yi masa wa'azi da Faransanci. A Kwango ƙungiyar Renatura ta gane haka, take ba masunta kayan ɗinkin koma a madadin sakin kunkurun. Akwai kuma masu sukar tafiyar daga tushe, suna cewa hayaƙin da jirgi ke fitarwa a kan fasinja ɗaya daga Faris zuwa Kwatano da komawa ya ninka sau da yawa abin da mutumin Nijar ke fitarwa a shekara, don haka da baƙon ya zauna gida ya aiko da kuɗin. Maganar na da ƙamshin gaskiya, sai dai mun san halin ɗan Adam, wanda bai zo ya gani ba da wuya ya aiko.

Ƴan'uwanmu mazauna zango suna cin nasu rabo. A gaɓar Lome da Gran-Popo da Kokorobite ta Gana za ka tarar da ƴan Nijar na tallar azurfar Agadas, jakunkunan fata da takalma, ga masu tsire, wanda a Benin suke kira cacanga. Shawararmu ga masu wannan sana'a ita ce su san irin baƙin. Waɗannan ba masu kuɗi ba ne sosai, ɗalibai ne galibi, sukan sayi ƙananan kaya masu sauƙin ɗauka, kuma suna gudun wanda ya matsa musu. Abu mafi muhimmanci, kada a kuskura a shimfiɗa musu ƙoƙon kunkuru, ko abin wuya da aka yi da shi, ko fatar namun daji. Duk nau'o'in kunkurun teku na cikin jerin farko na yarjejeniyar CITES, wadda ta hana cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma a 2013 an shigar da ayu na Afirka cikin wannan jeri. Masu maganin gargajiya da ke tsallaka iyaka da man ayu su san da haka, don duwan da jami'an gandun daji na da hurumin kamawa, kuma baƙon da ya kwana yana gadin ƙwai shi ne farkon wanda zai kai rahoto.

Wasu matasa sun tambaye mu ko wannan harka ta Turawa ce kaɗai. Ko kusa. Sansanonin ƙungiyoyi irin su VOLU da ASTOVOT tun asali haɗa ƴan ƙasa da baƙi suke yi, kuma matashin Afirka ba ya buƙatar jirgi, motar da ke kai albasar Galmi kurmi ta ishe shi. Ƙungiyar matasan kasuwa ko ta ɗalibai da ke son gwadawa ta rubuta wa ƙungiyar da ke wurin tun da wuri, ta tambayi abin da za a biya da abin da ya ƙunsa, wa zai kula da dashen bayan an tafi, da kuma ko akwai rigunan hana nutsewa a kwalekwalen. A tanadi katin rigakafin shawara da gidan sauro. Batun takardu kuma a bincika kafin a tashi, tun da Nijar da Mali da Burkina sun fice daga CEDEAO a Janairun 2025, kuma halin da iyakoki ke ciki na sauyawa. Wanda tafiyar ta yi wa nisa, ranar tsabtace duniya na nan ran 20 ga Satumba, kwatar bayan kasuwa kuma ba ta buƙatar fasfo.

Lokacin ƙwan kunkuru a wannan gaɓa yakan kama daga ƙarshen damina zuwa wajen Maris, ya fi ƙarfi tsakanin Nuwamba da Janairu, daidai lokacin da hunturu ke busawa a wajenmu. A farkon Janairu ne akan yi bikin sakin ƴaƴan kunkuru a Gran-Popo, kuma daga babban titi zuwa bakin ruwa tafiyar ƴan mintoci ce a ƙafa.